Filin Bayan Sitiyari: Ƙaramar jif za ta riƙe ƙaramin gida?

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan abu guda suka taru: motocin nan masu tudu irin su RAV4 da CR-V da Tucson da X-Trail, waɗanda muke ce wa ƙaramar jif. Biyar na zaɓo. Ta farkon za ta ci wuri, don amsarta ta shafi sauran.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni da maigidana muna da yara biyu, babban shekararsa 4, ƙaramar watanta 7. Corolla muke hawa, ba ta taɓa ba mu ciwon kai ba, sai dai ta fara yi mana kaɗan. In aka sa keken jaririya a but, sauran kaya sai a cinya. Shi yana so a sayar a sayi ƙaramar jif, ni kuma ina tsoron shan mai da kuɗin gyara. Ni ce nake kai yaro makaranta in wuce aiki da ita kullum. Don Allah a raba mana gardama. Daga uwar yara biyu.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Gardamar miji da mata ba a tsoma mata baki da gaggawa, amma tunda ke ce mai riƙe sitiyarin kullum, da ke zan yi magana, shi kuma ya karanta daga gefe.

Ki fara da sanin abin da ake so a saya miki. Ƙaramar jif ba ƙanwar Land Cruiser ba ce, ko da ta yi kama da ita daga nesa. Land Cruiser da Prado da Hilux suna da shasi na ƙarfe daban, a kansa ake ɗora gangar jiki, shi ya sa suke jure duka. Ita kuwa ƙaramar jif gangar jikinta ita ce shasinta, daidai da Corollar da ke ƙofar gidanki. Toyota ta fito da RAV4 a 1994, Honda ta biyo da CR-V a 1995, a kan ginin Civic ta ɗora ta. Tun asali don masu zirga-zirgar gari aka yi su. Motar gida ce da ta sa takalmi mai tudu, kuma duk amfaninta da duk wahalarta daga tudun nan suke fitowa.

Amfanin ba ƙarami ba ne. Tsakanin cikin Corolla da ƙasa kamar santimita 13 zuwa 14 ne. RAV4 da CR-V na shekarun nan suna da wajen 20, Forester ta Subaru kuwa 22. Wannan 'yar tazarar ita ce ke raba mai tsallake rami ko tudun rage gudu lami lafiya da mai jin ƙarar gogar ƙasa a ƙarƙashinsa yana cije baki. Amma abin da na fi yaba mata shi ne sauƙin da za ta yi wa gadon bayanki. A Corolla sai kin sunkuya, kin zura rabin jiki cikin mota, kin murɗa ƙugu da nauyin yarinya a hannu kafin ki ɗaure ta. A jif kujerar baya tana kusan daidai ƙugunki, bakin ƙofa dogo ne, kusan a tsaye za ki gama komai. Wanda ba ya ɗaure yaro safe da yamma ba zai gane wannan ba, shi ya sa ba a sa shi a talla.

Sai but. Na RAV4 ƙirar 2019 lita 580 ne, na Corolla wajen 470. A lissafi bambancin bai kai yadda ake zuzutawa ba. Siffar ce ta bambanta: ƙofar bayan jif gaba ɗaya take ɗagawa har rufi, keke ya shiga ta gefensa ya bar wuri, in kuma aka kwantar da kujerun baya sai ki ɗauki abin da ba zai taɓa shiga ta bakin but ɗin Corolla ba.

To ga kuma abin da za ki biya. Ta fi Corolla nauyi da kamar kilo 200 zuwa 300, ga faɗin ƙirji da take ture iska da shi. A gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, RAV4 ta 2019 mai injin lita 2.5 tana shan kusan lita 8 a kilomita 100, Corolla sa'arta kusan lita 7. Tsohuwar RAV4 irin ta 2008 kuwa tana kusantar lita 10. Wannan a gwaji ke nan. A cikin cunkoso da esi a kunne duk sun fi haka, kuma mai nauyin ta fi ƙaruwa, domin kowane tsayawa da tashi nauyin nan ake sake turawa. Tayoyinta inci 17 ne zuwa 19, na Corolla galibi 15 ko 16, kuma ranar canza huɗu a tare za ki ji bambancin a jaka. Birki da shokozoba ma haka, manya ne, kuma nauyi ke cin su. Injin da giya dai, in kamfani ɗaya ne, ba wani sabon ciwo za su zo miki da shi ba.

Akwai abu guda da mutane ke yaudarar kansu da shi: suna ɗaukar cikinta ya fi faɗi nesa ba kusa ba. Tsayi ta fi, faɗin kuwa 'yan santimitoci ne kawai. Kujerun yara biyu in suka zauna a baya, tsakiya sai siririn mutum, shi ma a takure. Ranar da na uku ya zo, matsalar da kike gudu za ta dawo.

Saboda haka kada ku je ganin mota hannu rabbana. Ku tafi da kujerar jaririyar, da ta babban, da keken, da jakar makaranta. Ki zura yatsunki a tsagar da ke tsakanin mazauni da majinginin kujerar baya, za ki taɓa wasu ƙananan ƙarafa biyu. Su ake kira ISOFIX, kuma galibi a kujerun gefe biyu kawai suke. Ki maƙala kujerar sai kin ji ta ce ƙyas, ki girgiza ta daga gindi, bai kamata ta motsa fiye da faɗin yatsu biyu ba. Jaririya baya take fuskanta, kujerarta kuma tana cin wuri, don haka maigida ya zauna a kujerar da ke gabanta ku ga ko gwiwarsa za ta tokari dashbod. Kada wannan ya sa ku yi tunanin mayar da ita gaba: kujerar jariri mai fuskantar baya ba ta zama a gaban jakar iska mai aiki, in jakar ta fashe kan yaron take samu. Daga nan ki sa keken a but ki rufe. Gani ya kori ji.

Hukuncina? In hanyarki ta kullum tana da ramuka, ko bayanki ya fara yi miki ƙorafi, ko kuna yawan doguwar tafiya da kaya, maigida ya fi ki gaskiya, ku saya. In kuwa keken ne kaɗai matsalar, ki tuna nan da shekara biyu yarinyar za ta bar shi, motar kuwa za ta ci gaba da shan manta na shekaru. Keke mai naɗewa ƙanƙani ya fi canza mota arha. Mota lafiyayya da kuka san tarihinta tun daga farko ba abin saki ba ce don but ya cika.

TAMBAYA: Malam, barka da ƙoƙari. Na samu guda biyu iri ɗaya, ɗaya tana ja da tayoyin gaba kawai, ɗayar an rubuta AWD a bayanta kuma ta fi tsada. Abokaina sun ce jif da ba ta ja da taya huɗu ai ba jif ba ce. Wace zan ɗauka? Daga wani magidanci.

AMSA: Ɗan'uwa, abokanka ba su za su riƙa zuba maka mai ba. A yawancin waɗannan motoci, ko da an rubuta AWD, tayoyin gaba ne ke aikin kusan ko da yaushe. Sai kwamfutar motar ta ji gaba na sulɓi take tura wa na baya wani kaso na ƙarfi. Subaru ce ta fita daban, ita kullum huɗun take ja. Wannan tsari yana da rana a taɓo, da yashi marar zurfi, da hawan tudu mai santsi, da ƙanƙara ga masu ita. Amma ba shi da ƙaramar giyar nan ta manyan jif da ake jan mota da ita a hankali cikin duwatsu, kuma in aka matsa masa cikin yashi mai zurfi yakan yi zafi, kwamfutar ta kashe shi har ya huce.

Abin da ya kamata ya zauna maka a kai shi ne, AWD na taimakon tafiya ne, ba ya taimakon tsayawa. Kowace mota da taya huɗu take taka birki. A jiƙaƙƙiyar kwalta, mai jan gaba da sabbin tayoyi za ta riga mai AWD da ƙwalƙwal ɗin tayoyi tsayawa. Na sha ganin waɗanda rubutun bayan mota ya ba su ƙarfin halin da tayoyinsu ba su da shi.

Kuɗinta kuma ba a wajen saye kaɗai yake ba. Akwai ƙarin nauyi, da ɗan ƙarin shan mai, da man aksul na baya da ake canzawa, wanda masu mota da yawa ba su ma san da shi ba sai sun fara jin gurnani a kwana. Sannan tana son tayoyinta huɗu su zama girma ɗaya, cinsu kusan ɗaya. In ɗaya ta fashe bayan sauran sun ci rabi, sabuwa guda tak za ta riƙa juyawa daban da 'yan'uwanta, na'urar raba ƙarfi ta riƙa wahala.

Kada kuma tudu ko AWD su sa ka shiga ruwa. Masu kula da yanayi a Amurka suna gargaɗin cewa ruwa mai gudu mai zurfin santimita 30 kan tafi da ƙaramar mota, na 60 kuwa har da manyan jif. Tun kafin nan ma, in bakin shaƙar iska na inji ya kurɓi ruwa, injin ya tashi aiki.

In daga gida zuwa aiki da makaranta kwalta ce, ɗauki mai jan gaba, rarar kuɗin ka sa tayoyi masu kyau. In damina kan raba ka da gidanka saboda taɓo, to AWD ta cancanci kuɗinta.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ɗana ya sayi irin motar nan, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Na ji an ce suna saurin kifewa, ga jikokina ƙanana kullum a cikinta. Gaskiya ne? Daga wata kaka.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya raya su. Abin da kika ji yana da tushe. Duk motar da nauyinta ke sama ta fi mai gajeren jiki saurin karkata in aka fizgi sitiyari a guje, kuma tsofaffin jif sun yi ƙaurin suna a kan haka. Abin da ya rage matsalar ƙwarai shi ne wata na'ura da ke lura da inda direba ya nufa da inda motar ta nufa. In ta ga sun saɓa, sai ta taka wa taya ɗaya birki da kanta, ta rage ƙarfin inji, kafin direban ma ya farga. Toyota na kiranta VSC, Honda VSA, wasu ESC ko ESP. Amurka ta wajabta ta ga motocin ƙirar 2012 zuwa sama, Tarayyar Turai ga duk sabuwar mota daga Nuwamban 2014. Ki ce wa ɗanki ya murɗa makulli ya duba dashbod: alamarta wata 'yar mota ce da layuka biyu masu lanƙwasa a bayanta. Ta kama ta mutu, lafiya. In ta zauna a kunne, ko ba ta kamawa sam, ya kai wa makanike a makon nan.

Sauran a hannunsa yake. Iskar taya ya riƙa bin abin da aka rubuta a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, ba abin da mai faci ya ga dama ba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Kaya masu nauyi su zauna a ƙasan but, kusa da bayan kujera. Kariyar ɗora kaya ta saman rufi tana da iyakarta a littafin mota, kuma duk kilon da aka ɗora a can yana ƙara abin da kike tsoro. Kowa ya ɗaura bel, domin a kifewar mota wanda ta wurgar waje shi ya fi rasa rai.

Amma Hajiya, ni abin da ya fi ba ni tsoro game da jikokinki yana faruwa ne motar tana tafiyar da ba ta fi ta mutum ba, a ƙofar gida. Mota mai tudu tana ɓoye wa direba abin da ke kusa da ita. Ku gwada wannan yau da yamma: ɗanki ya zauna a mazauninsa, injin a kashe, wani ya ɗauki bokiti ya kife wani a kansa, tsayin yaro mai tatata ke nan. A ajiye dab da bayan motar, a riƙa ja da baya taku-taku har sai ya ce ya hango a madubi ko ta gilashin baya. Ku ƙirga takun. Sannan a yi haka a gaban bonet. Duk wanda na sa ya yi gwajin nan jikinsa sanyi yake yi. Saboda wannan ne Amurka ta wajabta kyamarar ribas ga sabbin motoci daga Mayun 2018. In tasa ba ta da ita, ana sawa. Ko da ita ɗin ma, ya zagaya motar da ƙafarsa kafin ya shiga, kuma kada ya motsa sai ya ga kowane yaro da idonsa a hannun babba.

Ƙari guda: makulli ya yi nesa da yara, mota ta zauna a kulle. Cikin motar da ke rufe a rana yakan ƙaru da kusan digiri 10 cikin minti 10, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi.

TAMBAYA: Baba, ta hannu zan iya saya, ba sabuwa ba. Me zan fi dubawa? Daga wani sabon ango.

AMSA: Allah ya sa albarka, ɗana. Ka fara daga ƙasa, domin irin motar nan masu ita kan kai ta inda ba a yi ta dominsa ba. A ɗaga ta, ka shiga da tocila. Duba robar da ke rufe cikin inji, in ta yage ko an ɗaure ta da waya, motar ta sha dukan ƙasa. Duba tukunyar baƙin mai ko ta lotsa, duba robobin da ke rufe gaɓoɓin shaf ko sun tsage giris ya fantsama, duba shokozoba ko suna zubar da mai. Ɗaga shimfiɗar but ka leƙa ramin safaya. Tsatsa ko busasshen taɓo a can alamar ta taɓa nutsewa ne.

Sai giya. X-Trail da Forester da CR-V na shekarun baya-bayan nan da yawansu CVT ne, wato giyar da ba ta da matakai, bel ko sarƙa ta ƙarfe ce ke juyawa a kan faifai biyu a cikinta. Tana da laushi, tana rage shan mai, amma ba ta son zafi da jan kaya mai nauyi, kuma manta na musamman ne. In aka zuba mata man otomatik na gama-gari ta kama hanyar mutuwa. Ka je da safe kafin a ɗumama motar, ka tuƙa ta har ta yi zafi, ka hau tudu da ita. Karkarwa wajen tashi, ko kuka mai tsini, ko inji ya yi ta ihu mota ba ta ƙara gudu, ka gode wa mai ita ka tafi.

A gefen kowace taya, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu na ƙarshe. In ka ga 2321, an yi ta a mako na 23 na 2021. Tayar da ta haura shekara 6 ka sa kuɗin canza ta cikin ciniki ko da zanenta bai cinye ba. Safaya kuma in siririyar nan ce, ba a wuce kilomita 80 a awa da ita. In mai dizil aka nuna maka alhali tafiyarka gajeriya ce cikin gari, ka wuce: matatar hayaƙinta sai da doguwar tafiya take ƙone dattinta, in ba ta samu ba toshewa take yi.

TAMBAYA: Malam, mai haɗakar fetur da batir fa? An ce batirin na mutuwa. Daga wata malamar makaranta.

AMSA: Malama, ga mai tafiyar gari ita ce ta fi dacewa, don a cunkoso injin yakan mutu ya bar wa lantarki aikin, birki kuma yana mayar wa batir caji. RAV4 irin wannan ƙirar 2019 tana shan kusan lita 6 a kilomita 100 a gwajin da na ambata, kuma ba ta buƙatar a jona ta da wuta. Fasahar ba sabuwa ba ce, tun Prius ta 1997 Toyota ke kanta, kuma a Amurka tana ba batirin garantin shekara 10 tun daga ƙirar 2020. Yana tsufa dai kamar kowane batir, kuma zafi ne babban makiyinsa. A ƙasan kujerar baya akwai wata 'yar taga da fanka ke jawo masa iska ta cikinta. A motar da ke ɗaukar yara, wurin nan ne ɓurɓushi da ƙura da leda ke taruwa, ko a jingina masa jaka a toshe shi. Ki riƙa share shi, a wanke matatarsa lokacin sabis. In ta hannu ce, kada ki biya sai an jona mata kwamfuta an karanta lafiyar batirin, kuma ki tabbata akwai makaniken da ya san irinta a inda za ki iya kai masa.